Ƙaramin Kwanon Maigidana

Ni dai a littattafan soyayya na rumfar bakin tasha na koyi zaman aure. A cikinsu, mijin da ke son matarsa shi ne mai siɗe kwano har ya lashe yatsa. Maigidana, dillalin citta a kasuwar Kafanchan, ya cika wannan sharaɗi har ya zarce. Ƙiba ta zo, ciwon suga ya biyo ta, allura safe da yamma, sugan ya ƙi sauka.

Shekarar da citta ta yi daraja aka yi masa aiki a Abuja. Aka rage masa tumbi, aka sake wa abinci hanya don ya tsallake farkon hanji. Abin mamaki, tun bai rame ba sugan ya fara sauka, har likita ya rage masa allura.

Murnata ba ta daɗe ba. Na tuƙa tuwon dawa da miyar karkashi, ya ɗan taɓa ya ture kwanon.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Baban yara, laifin me na yi?"

"Wallahi babu."

Ban yarda ba. Washegari na dama kunun gyaɗa na zabga zuma. Yana kurɓa gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji yana cewa zuciyarsa na bugawa. A littafi na san ma'anar wannan, amma fuskarsa ba ta masoyi ba ce. Na ruga gidan maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kagoma.

Sai da ta kwantar da shi ya dawo daidai, sannan ta juyo kaina.

"Madam, kina so ki kashe mutum da lob, wannan soyayyar taki? Zaƙi ba nashi ba ne yanzu."

Na ce to me ya raba shi da girkina? Ta ce hanji ba bututu ba ne kawai, yana aika saƙo. Yanzu abinci na saurin isa can ƙasan hanji, shi kuma sai ya saki wasu sinadarai cikin jini. Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, su kuma zaburar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga, jikin da ya daina jin maganarsa ya koma saurare.

Duk karatuna zuciya aka ba sarauta, babu marubuciyar da ta taɓa ambaton hanji.

"To, Sista, saƙon ya ce wani abu a kaina?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Wannan kuma ki tambayi mai hanjin."

Ban tambaya ba. Na sayo ƙaramin kwano irin na yaye, na zuba masa wake da kifi. Da can kafin in zauna ya gama, ya tafi majalisa. Yanzu dole ya tauna a hankali, ya huta, ya sake ɗiba. Na miƙe zan ba shi wuri, ya riƙo gefen zanena.

"Ina za ki? Cin nan da sauran tafiya. Ɗauko littafin nan naki, mu ji ko saurayin ya dawo."