Tayar Gaba

"Peti, tsaya ka ba shi tayarka."

Kocinmu ne bisa moto, ya matso har gwiwarshi na neman taɓa tawa. Na yi kamar ban ji ba. Tseren keke muke, mun baro Lamorde, gada na gabanmu, mu uku kaɗai munka rage a gaba: ni, da Gran, da wani dogo na wata ƙungiya. Sauran duk mun zubar da su tun hanyar dawowa. Ƙafafuna ranar nan kamar ba nawa ba, ina takawa ba ni jin komi. Sai tayar gaba ta Gran ta fashe.

Gran ba sunanshi ba ne. Haka muke kiran wanda ya fi kowa daɗewa cikin ƙungiya, sabon shiga kuma Peti ne har a samu wanda ya zo bayanshi. Lokacin ni ne Peti.

"Koc, ga gada fa," na ce.

"Ina da ido. Tsaya."

"Ina tayar canji?"

"An ba wani tun tafiya. Ba da kai nike magana ba?"

Tseren nan ba irin na kullum ba ne, wanda za a ba ka kofi da riga ka koma gida. An aiko ma ƙungiyarmu gayyata, mutum ɗaya zai tafi waje horo, wurin da ke da pist, filin nan na katako mai zagaye da gefenshi ya miƙe kamar bango. Koc da bakinshi ya faɗa gaban kowa: wanda ya riga shiga layi cikinmu, shi zai tafi.

Pist ɗin nan ni cikin waya kaɗai na san shi, Yamai ba mu da shi. Wani mai gyaran keke a Yantala ya haɗa min irin kekensu da tsohon ƙarfe, ba birki, in ka daina takawa shi jefar da kai. Da an sallame asuba sai in tafi wani fili in yi ta zagaye kamar jakin da anka ɗaure ma turke, kafin in koma keken hanya in iske sauran bakin gada. Babana tela ne, shi ya ɗinka min wandon tsere, ya cusa soso a ƙasan. Yana ɗinki yana mita.

"Mutane na neman moto don su huta, kai kana neman gajiya da gangan. Juya in gani. Wannan ai ko gidan maƙwabta ba ka shiga da shi."

Amma ya ɗinka. Da ya yage ma ya sake wani.

To ƙungiyarmu tana da tsari, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta min shi. Gani kake kana ɗauka. Sabuwar taya in ta zo, ta Gran ce, wadda ya cire ta sauko ma na bayanshi, har ta iso gare ka duk faci. Bidon ruwa shi ke fara sha. Iska in ta taso, kai ke shiga gaba ka tare mishi. Duk duniya ana haka a tseren keke, na sani, ina kallo. Amma can wanda ya fi ƙafa ake yi ma. Mu wanda ya fi shekaru.

Na tsaya.

Na kwance tayata, na sa mishi, na ɗaure. Bai dube ni ba, idonshi na kan dogon nan da ke ƙara nisa. Ya ce, "Allah shi yi albarka, Peti." Har tura shi na yi da gudu don shi samu tashi, wannan ma yana cikin tsarin. Moto ya bi shi. Na rage bakin hanya da keke mai taya ɗaya da wata fasasshiya a hannu.

Ayarin da munka bari ya zo ya wuce ni, mutanen da na san ko cikin barci ba su kama ni. Wani ya ɗaga min hannu. Wani tsoho da ke tura kura cike da kabewa ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Samari, an tashi ne?" Na ce eh Baba, an tashi.

Da ƙafa na ƙetare gada, keke bisa kafaɗa, takalmin tsere na ƙwas-ƙwas bisa kwalta. Kafin in kai Filato, inda anka ja layin ƙarshe, har an fara naɗe rumfa. Dogon nan ya ci. Gran ya zo na biyu, amma cikinmu shi ne na farko. Manya na tafa mishi, ana ɗaukar hoto.

Koc ya dafa ni. Bazabarme ne, in yana son lallashi da harshensu yake farawa. "Kala suru. Sai haƙuri. Lokacinka na zuwa, kai yaro ne."

Gida na yi tsammanin ko mutum ɗaya zai taya ni jin haushi. Na ba babana labari, ƙafarshi bisa keken ɗinki, bai ko dakata ba.

"Ka yi daidai."

"Baba, ni ke gaba fa."

"Na ji. Da ka wuce shi ka bar shi bakin hanya, da wane ido zan dubi babanshi a masallaci?"

Shi ke nan. Ya miƙo min riga ya ce in sa mata maɓalli.

Gran ya tafi. Ya dinga turo hotuna cikin gurup ɗinmu na waya, shi tsaye bisa katakon nan, ya sha jaket. Kowane hoto na buɗe shi, na ja shi da yatsa ina duba katakon, ba fuskarshi ba. Ba a daɗe ba ya dawo. Muna zaune ana shan shayi yana ba da labari, yana dariya. Wai ranar farko da ya hau gangaren katakon jiri ya kwashe shi. Wai masu horon sun auna shi, sun duba, sun ce ƙoƙari kam yana da shi, amma ya zo a makare, da ƙarami anka aiko musu.

Kowa ya yi dariya. Ina zaune kusa da shi, ni ma ke zuba mishi shayin. Ban ce mugun mutum ne ba. Wallahi ko a ranshi bai ga abin da ya faɗa ba, shi ya fi ci min rai.

Tun daga nan ban daina hawan keke ba. Na ci tsere nan gida, na je ƙasashen maƙwabta cikin bas, keke ɗaure bisa rufi. Gayyatar waje kam shiru. Waɗanda ke gabana sunka zare ɗaya-ɗaya, wani na jan taksi, wani ya buɗe shago. Gran ya aje keke, yanzu shi ke goyon Koc bisa moto. Wata safiya anka kawo sabuwar taya, anka miƙo min. Sannan na gane ni ne Gran.

Bana gayyatar ta sake zuwa. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, sharaɗin nan dai.

Muna da sabon Peti, ɗan jami'a ne, a Lamorde yake zaune. Siriri, ba shi da yawan magana. In munka kama hawa ina jin numfashina kamar zuga-zugi, shi ko baki a rufe. Rannan na waiga na gan shi yana matsa birki a hawa, a hawa fa, don kar shi wuce ni. Na so in tsaya in mare shi. Na so kuma in gode mishi.

Koc ya kira ni gefe. "Bana naka ne. Ka ga amfanin haƙuri?" Tsohon Gran na bayanshi yana gyaɗa kai.

Na san abin da za su ce min can in na je, na riga na ji shi wurin shayi. Amma ni ma na tare iska, na sha ragowar ruwa, na ƙetare gadar nan da ƙafa. In ban tafi wannan karon ba, ba ni sake tafiya.

Jiya muna wanke kekuna Peti ya matso, ya rage murya. "Gran, kar ka damu da Lahadi. In wani abu ya faru, tayata taka ce." Har ya sassauta makullin tayar don ta fita da sauri, ya nuna min.

Na ci gaba da wanke kekena. Tsere Lahadi ne. Ku da ke karanta wannan, in ku ne bakin gadar nan ya miƙo muku ita, za ku karɓa?