Madam Ce Ta Fara Gani

Ni ce 'yar farin Inna, don haka ko sunana ba ta kira, balle ta gaya mini abin da ke damunta. Tana da wadda take gaya wa: wata 'yar Ibo mai shagon atamfa, da muke ce wa Madam. Sun daɗe suna maƙwabtaka a Anguwan Rogo kafin Madam ta koma wajen Tina Junction, kuma nisan bai raba su ba. In ta zo, sai su shige ɗaki su saki labule, ina tsakar gida ina jin dariyar da Inna ba ta taɓa yi da ni ba.

Wata Asabar a shekarun dubu biyu, dariyar ta yanke. Madam ta fito ta same ni a bakin murhu.

"Kai, ka san Mama naka yana da kullutu a nono?"

Haka Hausarta take, kowa namiji ne. Na ce ban sani ba. Ni da nake wanke wa Inna kaya, nake cuɗa mata baya in ba ta da lafiya!

Ta ce kullutun ba ya ciwo, shi ya sa Inna ta raina shi. Fatar wajen ta yi kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki. Da haka ciwon yayar ita Madam ya fara a garinsu, aka tsaya shafe-shafen magani har lokaci ya ƙure.

"Litinin zan kai shi asibiti."

"Ai tana da 'ya," na ce.

Inna ta amsa daga ɗaki, ba ta ko leƙo ba: "Ke ki zauna ki kula da gida."

Likita ya ce sankarar mama ce, amma an zo da wuri. Aka yi aiki. Na dama kunun gyaɗa na kai asibiti, na tarar da Madam zaune a bakin gado tana ba Inna farfesu a baki. Na ajiye fulas ɗina a ƙasa, na gaishe su.

Inna ta warke, har ta goyi 'ya'yana. Na yi wa Madam godiya, kuma har zuciyata na yi. Amma tabon aikin nan, ita ta san kamanninsa. Ni ban taɓa ganinsa ba.