Kyanwata da Kwamfutar Kawu

Har yau idan na ga tirelar shanu ta nufi kudu sai raina ya ɓaci da Kawu, ƙanen mahaifiyata. A shagonsa na buga takardu nake aiki a Potiskum, lokacin kwamfuta ba ta yi yawa a garin ba. Ni na rubuta masa shirin kwamfutar da ke fitar da sakamakon jarrabawa na makarantu. Ina da kyanwa baƙa, tun tana jaririya na tsince ta a bayan tasha. Ba ta da wurin kwanciya sai saman kwamfutar, saboda ɗumi.

Kwatsam shirin ya fara cijewa. Ya buga ɗalibi ɗaya, ya yi ta maimaita shi har takarda ta ƙare. Kawu ya ce ai ba mamaki, baƙar kyanwa ba ta zama kan abu ya yi albarka.

“Haba Kawu! Me ya haɗa kyanwa da lissafi?”

“Kai dai gyara kafin ranar kasuwa. In ba haka ba, wallahi sai ta bar garin nan.”

Kashe ta kam ba zai yi ba, tsoron alhaki yake. Irin su a buhu suke sa kyanwa, a kai ta inda ba za ta gane hanyar gida ba, wai su masu imani.

Na bi shirin layi-layi, wuta na ɗaukewa ina zaginta. Ranar kasuwa bayan azahar na kama ɓarnar. Layin da ke gaya wa shirin ya wuce zuwa ɗalibi na gaba babu shi, an goge. A daidai wurin kuma an ƙara “Alhaji” gaban sunan mai shago. Kawu ne, da ya dawo daga Makka ya shiga da yatsunsa masu kauri ya yi wa kansa kwalliya.

Na fito da gudu in nuna masa. Yana kan benci yana sakace. Sai a lokacin na tuna tun safe ban ga kyanwar ba.

“Ina kyanwata?”

“Tana kan hanya. Tun da hantsi na ba direban shanu.”

Na gaya masa ɓarnar da ya yi wa shirin. Ko kunya bai ji ba, sai cewa ya yi, “To ai shi ke nan, tunda ya gyaru.”

Na tsane shi a ranar, ban kuma ɓoye ba. Na tafi tasha ina bin direbobi da tambaya. Wani ya ce ya ga buhun, an ɗaure shi a saman mota, cikin rana.