Baba Ɗantala, Mai Facin da Ba Ya Bari a Share Dara

Duk wanda ke bin hanyar kasuwar Gumel ya san Baba Ɗantala mai faci. Tun hantsi yana gindin dalbejiya da famfonsa da bahon ruwa, yana laluben inda taya ta huje. Da an sallame la'asar sai ya ture kaya gefe, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya haƙa gurabe talatin da yatsa, ya zazzage gwangwani: tsakuwa goma sha biyu, guntayen kara goma sha biyu. Majalisar dara ta buɗe ke nan. Shekara talatin da ɗoriya ana haka. Ba wanda ya naɗa shi, kuma maganar gaskiya ba wanda ya taɓa ce masa an gode.

Dokarsa ɗaya ce. In an cinye mutum ba ya tashi, ba a kuma share gurabe, sai an mayar da 'ya'yan an nuna masa inda ya ɓata wasansa. Baba Ɗantala bai yi boko ba, amma wasa in ya gani sau ɗaya ya zauna a kansa ke nan.

Mutanen wurin ba su manta da Zayyad ba, direban babbar mota da ke jigila zuwa Maigatari. Shi da Aminullahi mai hatsi katanga ɗaya ta raba gidajensu, shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya. Ran nan Aminullahi ya cinye shi sau uku a jere, ya kuma ce, "Direba, yau kam birki ya tsinke." Aka fashe da dariya. Zayyad ya miƙe ya shure dara da ƙafa, ya ce cuta aka yi masa, shi da Aminullahi ko gaisuwa an gama. Har gida ya kai maganar, ya hana iyalinsa shiga maƙwabta.

Baba Ɗantala bai bi shi da wa'azi ba. Ya durƙusa ya sake haƙa gurabe, ya mayar da kowane ɗa gurbinsa, ya kife baho a kai ya ɗora tsohuwar taya. Ya ce ba mai sake buga dara a nan sai mai wasan ya dawo. Kwana huɗu mutane suna zuwa suna gunaguni, wasu suka ce tsoho ya fiye taurin kai. Ko gezau.

A rana ta biyar Zayyad ya zo, wai iska zai sa wa babur. Baba ya ɗaga bahon ya ce, "Zauna, direba. Ga karanka na bakwai. Duk ka tara 'ya'yanka gefe ɗaya kana neman jera uku, ka bar masa tsakiya. Ina cutar take?"

Zayyad ya bi 'ya'yan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ce a kira masa Aminullahi, ai wasan bai ƙare ba. Aka sake cinye shi ranar, bai tashi ba. Yau yana cikin waɗanda ake shakka a majalisar, kwanon tuwo kuwa ya koma ɗaya.

Baba Ɗantala, kai ne ka koya wa magidanta masu furfura su zauna su dubi kuskurensu a gaban jama'a. Wannan ya fi facin taya wuya, kuma kyauta ka yi shi.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, ya ce bayan Sallah zai ajiye famfo. Mun yi ta tunanin dokar za ta tafi tare da shi. Sai Juma'ar da ta wuce Zayyad ya cinye shi. Baba ya yunƙura zai tashi, Zayyad ya riƙe masa riga ya ce, "Ina za ka, Baba? Ba a share ba tukuna." Ya mayar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa inda ya ɓata. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki gwangwanin ya miƙa masa.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu majalisu daga Gagarawa har Sule Tankarkar, in an cinye wani a wurinku ku rage dariyar, ku zaunar da shi. Kada ku yi saurin sharewa.