An ba da wuƙar Baba a kan bokitin roba

Ina shiga gidanmu na Gwaram ɗazu na tarar da ƙanena Sabo da sabon bokitin roba. Wai musanya ya yi da masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya haɗa musu har da wuƙar marigayi Baba, mai naɗewar nan ta aljihu.

Na ce, "Sabo, ka san abin da ka bayar kuwa?"

Ya ce, "Yaya, tsohon ƙarfe ne fa."

Sai na ɗage wando na nuna masa tabon ƙafata. Ina yaro, lokacin da arzikin mai ya fara cika titi da manyan motoci, muna kai bijimi kasuwar Birnin Kudu, ƙarar tirela ta firgita shi. Igiyarsa ta harɗe mini ƙafa, ya dinga jana a kan tsakuwa. Baba ya cim mana da gudu, yanka ɗaya da wuƙar nan ya datse igiyar.

Na ce, "Ba don ita ba, da yau ba ka da yaya."

Na zaga gari a babur ina neman mutanen, ban gan su ba. Har yanzu zuciyata tafasa take.

Ku fa, wane kayan iyayenku ne ba za ku yafe a taɓa muku ba?