Ragon Jumare da Ciyawar Gidan Suruki

A kasuwar dabbobi ta Dapaong, in aka ce Jumare, abu ɗaya ake tunawa: mutumin da ke cin ciyawa. Ba wai hauka ba ne, sana'a ce. Tun yana kiwon shanun mahaifinsa ya ɗauki ɗabi'ar, ba ya barin dabba ta sa baki a fili sai ya tsinki ganye ya tauna. In gamba ce ya gyaɗa kai, in harƙiya ce ya yi murmushi, in tofa ce ya tofar ya zagi mai gonar har kakansa. Da ya girma ya koma dillancin shanu, bai bar halin ba. Abokansa sukan ce saura ƙaho kawai ya fito masa.

Tsufa ya zo ya karɓi nasa. Gwiwa ta ƙi, ido ya yi yana, matarsa ta rasu, garken ya watse da kaɗan-kaɗan. Abin da ya rage masa rago guda ne, fari mai baƙin kunne, mai tafiyar isa, shi ya sa ya raɗa masa Kwamanda. Kowace Babbar Sallah sai a ce, "Bana dai Kwamanda ne ko?" Jumare ya shafa ƙahon ya ce bai isa ba tukuna, alhali ragon ya kusa kai ɗan maraƙi. Gaskiyar magana, ba shi da wanda yake yi wa hira da safe sai shi.

Da 'yarsa Barakatu ta matsa ya dawo gidanta a Sokodé, sharaɗi ɗaya ya kafa: inda zai kwana, nan Kwamanda zai kwana. Haka aka ɗora su a mota cikin tsakiyar rani, tsoho a gaba, rago a baya yana kuka har unguwarsu, Didaouré.

Mijin Barakatu, Rashid, ma'aikacin ofis ne mai son gayu. Ya gaji da ƙura da taɓo, sai ya shimfiɗe tsakar gidansa kaf da ciyawar roba, irin wadda ake kira gazon. Da suka iso Barakatu tana kasuwa, Rashid ne ya tarbe su, ya durƙusa har ƙasa.

Jumare ya tsaya a bakin ƙofa, ido ya sauka a kan kore shar. Cikin rani! Ran nan Litinin ce, kuma shi ko a hanya ba ya shan azuminsa, don haka hannunsa ya tafi zai tsinka, ya tuna, ya janye. Karo na farko a rayuwarsa ya yanke wa ciyawa hukunci da ido, idon ma mai yana.

"Rashidu," in ji shi, "na yi kiwo har bakin iyakar Burkina, ban taɓa ganin ciyawa mai kyan wannan ba. Allah ya yi maka albarka."

To, ina bakin da suruki zai ce wa uban matarsa ya yi kuskure? A kan ciyawa kuma? Rashid ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Baba." Yana kallo tsohon ya kwance igiya ya ce wa ragon, "Je ka, ka huta da wahala."

Kwamanda, da yunwar hanya, ya sunsuna ya yi atishawa. Sai ya samu gefen da ake zubar da ruwan wanke-wanke, inda gishiri da maiƙo suka kama, ya fara fizga.

Azahar ce ta tona asiri. Jumare ya ƙi tabarma, ya ce a kan wannan ni'ima zai yi salla. Goshinsa na taɓa ƙasa ya ji kamar ya kifa shi a kan murfin tukunya. Ga warin taya, ga ba ko tururuwa ɗaya. Bai taɓa yin gajeriyar sujada irin ta ran nan ba. Da ya sallame ya riga ya gane, amma ya saci kallon Rashid, Rashid ya saci kallonsa, kowa ya kau da kai.

Nan fa aka shiga wasan kunya. In Jumare ya ɗaure ragon, ya amsa ke nan cewa shi, mai cin ciyawa, roba ta yaudare shi. In Rashid ya ɗaure, ya tozarta surukinsa. Sai kowa ya riƙa kawo dusa da harawa a ɓoye, yana fatan dabbar za ta yi hankalin da su suka kasa yi. Shi kuwa Kwamanda ya ci dusa, ya ci harawa, ya koma gefensa mai gishiri.

Barakatu ce ta fasa, da ta ga gefen shimfiɗar ya yi sanƙo. "Baba, wannan fa plastik ne! Kai kuma Rashid, bakinka ciwo yake yi?"

"Na sani," in ji Jumare.

"Ni ma na san Baba ya sani," in ji Rashid.

"To ragon fa, wa ya gaya masa?"

A lokacin kuwa ragon ya riga ya daina tuƙa. Ciki ya kumbura, ido ya faɗa. Likitan dabbobi ya zo ya latsa cikin ya girgiza kai, ya ce in ana son nama a yi sauri kafin ya zama mushe.

Jumare ya ce ba wanda zai riƙe wuƙar sai shi. Amma a gidansu ba a zubar da jinin dabba a bar shi a fili, sai an haƙa masa ɗan rami ƙasa ta shanye. Ya duba gabas ya duba yamma, babu ƙasa ko tafin hannu. Rashid ya karɓi wuƙar, ya durƙusa a tsakiyar gazon ɗinsa, ya yanke wani yanki ya ɗaga. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi fari fat, ta ƙeƙashe, da ƙyar fartanya ta shige ta.

Tsohon ya karɓi wuƙarsa, ya yi bisimilla ya yanka. Da aka fede aka buɗe tumbi, ga zaren kore cunkus, ko kala bai sake ba. Jumare ya yi kuka, bai ɓoye ba, kuma bai taɓa naman ba.

Ba a mayar da yankin da aka cire ba. Da damina ta sauka, ciyawar kiri-kiri ta tsiro a bakin ramin, 'yar mitsitsiya, ba ta kai rabin robar kyau ba. Har yanzu nan Jumare yake ajiye kujerarsa da safe. Yakan tsinki ganye ɗaya ya tauna da sauran haƙoransa, ya gyaɗa kai, sannan ya tsinki na biyu ya miƙa hannu gefe. Sai ya daɗe da hannun a miƙe kafin ya tuna babu Kwamanda.