Irin da Kande ta ƙulle

Shekaranjiya a aji wata ɗaliba ta ci karo da kalmar euphoria a littafin Ingilishi. Na ce mata, in ban yi kuskure ba, murna ce mai ɗauke mutum har ya manta ƙafarsa tana ƙasa, irin ta wanda ya ci jarrabawa, ko garin da ƴan ƙwallonsa suka ɗauko kofi. Sai ta ce, "Mushe," haka ɗalibai ke kiran malami a nan, "kai ka taɓa jin ta?" Kakata Iya Dije ce ta faɗo mini a rai.

A Madarounfa, lokacin ɗari, bayan isha'i mukan kewaye wutar karan dawa a tsakar gidanta, tana ɓarar gujiya. "Ga ta nan ta taso," takan ce, "mai gyangyaɗi ya ja baya, kar ya faɗa mini wuta."

Tatsuniyar Tanko ce, manomin da damina ta yi wa jinkiri. Ran da aka yi ruwan farko, shi da matarsa Kande suka fito suna rawa har maƙwabta suka leƙo. Bai tsaya ya tona ƙasa ya ga ko laima ta nutsa ba, yadda kowa ke yi. Ya kwashe irin gero duka ya shuke. Sama ta ɗauke, rana ta ƙone tsiron. Ashe Kande ta ƙulle ɗan iri a bakin zanenta. Shi suka shuka da damina ta zauna, shi ya ciyar da su.

Iya ta dube ni. "Kai maigidana, me ka tsinta a ciki?"

"Kar a yi murna," in ji ni.

Ta yi dariya har da tari. "Wannan miji nawa, kunne ɗaya gare shi."

Ban gane ba a lokacin. Ran da aka kira sunana a sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, abokaina na tsalle, ni ina tambaya ko ba kuskure aka yi ba. Haka ran da na samu aiki. Kullum ina ƙulle iri.

Sai da yarinyar nan ta tambaye ni na tuna cewa Kande ma ta yi rawa. Ta jiƙe sharkaf, sannan ta yi ƙullinta. Wataƙila abin da Iya ke nufi ke nan. Ba ta nan balle in tambaye ta.

In Allah ya kai mu ruwan farko, ina jin zan fita tsakar gida. Ko ban iya rawa ba, in tsaya in jiƙe.